Tsohuwar gita mai tsada: itacenta, hunturunmu, da abin da za a duba kafin a biya

Akwai tambayar da ke yawan shigo mana a shirin matasa, kuma galibi daga ɓangare biyu take zuwa. Yaro a gida ya ce yana son gita ta kirki, wadda ba ta lantarki ba, don ya gaji da aron ta abokinsa. Yayansa da ke waje kuma ya ce ya ga wata tsohuwa ana sayarwa, mai ita ya rantse da itace mai daraja aka yi ta, har ya ambaci sunan kamfani. Sai tambaya ta zo: a saya ko a bari? Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma sau da yawa guminsa na wata da watanni ne, shi ya sa muka ga ya dace a zauna a yi bayani a tsanake.

Gita ba baƙuwa ba ce a Nijar. Marigayi Abdallah Oumbadougou ya riƙe ta tun zamanin kasat. Bombino na Agadas ya kai ta har inda aka sa sunansa cikin masu neman kyautar Grammy a 2019. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Ga kuma Fatou Seidi Ghali ta Illighadad, mace mai kaɗa gita a gaban jama'a. Yaranmu suna ganin waɗannan a waya, ba abin mamaki ba ne su ce su ma suna so. Amma wanda ya tashi yana jin gurmi da garaya da kuntigi, akwai abin da zai iya ruɗa shi game da gita, kuma nan ne kuɗi ke salwanta.

Gurmi da garaya fata ce ke ba su murya. Duk wanda ya zauna kusa da makaɗi ya san da damina fata kan saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta kafin ta yi magana. Fata tana son bushewa. Gita kuwa akasin haka take. Muryarta daga allon gabanta take fitowa, wanda za mu kira fuska, kuma kaurin wannan allo bai wuce milimita 3 ba. Tsirkiya shida na ƙarfe, idan an ɗaure su daidai, suna jan jikin gitar da ƙarfin da ya kai kilo 70, wato kamar a rataya mata babban mutum dare da rana. Siririn allo da gam da ƴan sandunan da aka manna daga ciki ne ke riƙe da wannan nauyi. Idan allon ya bushe fiye da kima, sai ya tsuke, ya tsage.

To wane itace ne ake ta magana a kai? Fuskar gita mai kyau yawanci da sifurus ake yin ta, wanda masu Faransanci ke kira efiseya, itacen ƙasashen sanyi irin su Alaska da Kanada da tsaunukan Turai. Ba shi da nauyi amma yana da ƙarfi, shi ya sa yake amsa tsirkiya da sauri. Baya da gefuna kuma ana yin su da mahogani ko roswud, wanda a takardun Faransa za ka ga an rubuta akaju da palisandar. Allon da yatsu ke dannawa a wuya, a masu tsada, eboni ne, baƙin itace mai tauri.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne biyu daga cikinsu suna da dangi a nan wajenmu. Maɗaci da kuka sani, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha, ɗan gidan mahogani ne, kuma danginsa na dazuzzukan kudu kamfanoni suna yin gita da su. Kanya da yara ke tsinkar ƴaƴanta, gidansu ɗaya da eboni. Kamfanin Taylor na Amurka ma, saboda eboni, ya shiga hannun jari a wata masana'antar yanka katako a Yawunde ta Kamaru a 2011. Kada dai wani ya ji haka ya ɗauki gatari ya nufi gona. Katakon gita ana zaɓensa ne daga manyan itatuwa, a yanka shi ta wata hanya ta musamman, a busar da shi a hankali na dogon lokaci. Mu kuwa da muka sha wahalar raya gawo da sauran itatuwa a gonakinmu har duniya ta san yankin nan da su, inuwarsu da takinsu sun fi mana amfani nesa ba kusa ba.

Bambanci mafi girma a farashi yana tsakanin katako tsantsa da katako mai hawa-hawa. Tsantsa shi ne allo guda da aka yanko daga itace. Mai hawa-hawa kuwa siraran yanka ne, yawanci uku, aka manna su da gam kamar filawud ɗin kafinta, sai a sa mai kyau a sama don ido. Tsantsa ya fi murya, kuma masu kaɗawa da yawa suna cewa muryarsa tana ƙara buɗewa da shekaru. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar gita ta kirki ba ta faɗuwa a kasuwa kamar tsohuwar waya. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833 kuma yake garin Nazarat a jihar Fensilbaniya, sabuwar gitarsa samfurin D-28 ta haura dalar Amurka 3000, wato sama da sefa miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin shanun noma da amalanke ke nan, har a yi saura. Don haka idan wani ya ce zai ba ka Martin ko Gibson ko Taylor a jika 80 ko jika 100, ba sa'a ka taka ba. Ana ƙera na jabu da yawa, da suna da tambari da komai, kuma a hoto ba kowa ke bambance su ba.

Yadda za ka gane tsantsa ba wuya. Dubi bakin ramin da ke tsakiyar fuska, ka kalli kaurin allon daga gefe. Idan layukan itacen da ke sama sun gangaro sun ratsa kaurin har ƙasa, tsantsa ne. Idan ka ga hawa-hawa kamar an jera takardu, ko an shafe bakin da fenti don kada a gani, to ka san inda aka dosa. Ga baya kuma, haska fitilar waya cikin ramin ka dubi zanen itacen daga ciki, sannan ka juya gitar ka dubi na waje a daidai wurin. Idan zane ɗaya ne, alama ce mai kyau. Idan ciki fari ne fes, waje kuma ja mai ado, manne ne. Tun da fitila na hannunka, ka duba lambar gitar. A Martin an buga ta ne a jikin gungumen da wuya ya shiga, daga ciki, kuma kamfanin ya wallafa jerin lambobi da shekarunsu a intanet. Mai sayarwa ya ce ta 1975 ce, lamba ta ce ta 2010 ce? Ka san da wa kake ciniki.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, musamman ku na waje da ke aikowa. Kamfanonin nan suna ƙera gita a ɗakin da laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma haka suke so a ajiye ta. A nan Damagaram, daga Disamba zuwa Afrilu, laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ƙofar katako ta yi tazara har ka hango tsakar gida. Da damina kuma ƙofar nan ta kumbura ta ƙi rufuwa. Abin da ke faruwa da ƙofa shi ke faruwa da gita, sai dai ita ba ta da wurin motsi, ko'ina an manne ta. Fuska mai faɗin santimita 40 tana iya tsukewa da milimita 2 zuwa 3 idan ta bushe sosai. Da farko za ka ji bakin ƙarafan wuya suna kartar hannunka, don itacen ya janye ya bar su a waje. Sannan fuska ta lotsa, tsirkiya ta fara zuza a kan ƙarafa. Daga nan sai tsagewa, yawanci daga jaki zuwa gindi. Gitar da ta shekara 30 lafiya lau a Faransa tana iya tsagewa a hunturunta na farko a Waca ko Dogo-Dogo. Kuma wadda ta fi tsada ita ta fi saurin yin haka, domin katako tsantsa ne, siriri.

Ana iya kare ta, amma aiki ne na kullum kamar kiwon rago. Dole ta zauna cikin akwatinta mai tauri, a rufe, duk lokacin da ba a kaɗawa. A samu soso mai tsabta a jiƙa shi, a matse har ya daina ɗiga, a sa shi cikin robar sabulu da aka huda ramuka, a ajiye cikin akwatin inda ba zai taɓa katako ba. Da hunturu a duba shi duk kwana biyu ko uku. Da damina a cire shi gaba ɗaya, in ba haka ba fumfuna za ta kama. Wanda zai aiko da gita mai tsada, ya haɗo da ɗan agogon auna laima, ba shi da tsada, shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da ke cikin akwatin. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi mata ɗakin kwano, don zafin kwano da bazara yana sassauta gam. Kada a jingina ta da bango a ƙasa, gara ba ta san Martin ba. Kuma kada a yarda a ɗaura ta a saman mota cikin rana daga Kano ko Maigatari zuwa gida. Gara a biya mata kujera.

Sai dubawa kafin a biya. Idan kana gaban gitar, fara da wuya, domin shi ne gyara mafi tsada. Ƙirga ƙarafan wuya har na 12, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da tsirkiya mai kauri. Bai kamata ta wuce milimita 2 da rabi zuwa 3 ba. Katin banki uku a haɗe sun kusa kai haka. Idan tazarar ta yi yawa, dubi jaki, wato inda tsirkiya ta hau a kan fuska, kamar jakin goge. Akwai farin ƙashi ko roba a tsaye a kansa. Idan yana da sauran tsawo, ana iya goge shi a rage. Amma idan an riga an goge shi har ya kusa nutsewa cikin katako kuma tsirkiya tana sama, to wuyan ne ya sunkuyo saboda shekaru, kuma gyaransa sai an cire shi gaba ɗaya an sake dasa shi. Wannan ba aikin kafintan ƙofa da gado ba ne, komai ƙwarewarsa. Irin wannan gita, ko an rage maka rabin kuɗi, ka bar ta.

Bayan nan ka ɗauki takarda ka gwada cusa ta ƙarƙashin jaki ta baya. Idan ta shige, jaki ya fara ɗagowa. Ka kalli fuska ta gefe: ɗan tudu kaɗan a bayan jaki ba laifi ba ne, haka ake yin su, amma babban ƙulli a baya da lotsawa a gaba alama ce sandunan ciki sun saki. Ƙwanƙwasa fuska da baya a hankali da yatsa, ka saurara ko akwai wurin da ke karkarwa. Dubi bayan kai, inda wuya ya haɗu da wurin murɗa tsirkiya, nan ne gita ke karyewa in ta faɗi. Idan fentin wurin ya bambanta da saura, an taɓa ɗora ta. Tsagewar da gwani ya gyara da kyau ba ta kashe gita, amma tana rage kuɗi, kuma mai sayarwa ya kamata ya faɗa da bakinsa. Ka tambaya kuma ko ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake murɗawa a miƙar da shi, yana juyawa. Daga ƙarshe ka danna kowace tsirkiya a kowane ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Zai ɗauki minti goma, mai kaya zai yi ta tsaki, ka ƙyale shi. In ba ka iya kaɗawa ba, ka tafi da wanda ya iya, ko da za ka biya masa mota da abinci.

Ku na waje da ke saye ta intanet, kada ku tura kuɗi a kan hoto ɗaya. Ku nemi hoton lamba, hoton jaki ta gefe, hoton tazarar tsirkiya da ma'auni a jiki, da bidiyo ana kaɗa ta. In da hali ku saya a kantin kayan kiɗa mai ba da rasit da damar mayarwa. Kuma ku tambayi yaron da wane hannu yake kaɗawa, don bahago irin Mdou Moctar gitarsa daban ce.

Akwai kuma maganar doka, wadda mutane kan manta sai an tsayar da su a filin jirgi. Yarjejeniyar CITES, wadda Nijar da Najeriya duk suna cikinta, ita ke kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Roswud na Barazil, wanda shi ne sarkin katakon gita, an sa shi a matakin kariya mafi tsanani tun 1992. Martin ma ya daina amfani da shi a gitocinsa na yau da kullum tun wajen 1969, ya koma na Indiya. Gitar da ke da na Barazil a jikinta tana buƙatar takardu kafin ta tsallaka iyaka, in babu ana iya ƙwace ta, kuɗi ya tafi ke nan. Sauran nau'o'in roswud an sa su ƙarƙashin sa ido a farkon 2017, amma daga Nuwamban 2019 an sassauta wa kayan kiɗa da aka gama ƙerawa, don haka mai na Indiya ba ta da wannan matsala. Tsofaffi sosai kuma wasunsu suna da hauren giwa a jaki, shi ma yana da tasa dokar. Kada ku ɗauka wasa ne: a 2012 kamfanin Gibson da kansa ya biya tarar dala 300,000 a Amurka kan katakon eboni da ya shigo da shi daga Madagaska. Mu ma abin bai yi nisa da mu ba. Madobiya, wadda ƴan kasuwa ke kira roswud na Afirka, an yi ta sararta a Najeriya da wasu ƙasashen yammacin Afirka ana lodawa zuwa Sin don yin kujeru da gadaje, har sai da aka sa ta cikin jerin CITES ita ma. Idan mai sayarwa ya ce maka roswud, ka tambaye shi wanne.

In kun tambaye ni ra'ayina, ga shi ba ɓoye-ɓoye. Yaron da yake koyo, ko wanda zai riƙa yawo da gita a bayan babur daga biki zuwa biki, daga Bande zuwa Yekuwa, ba ya buƙatar gitar miliyan. Mai hawa-hawa da ake rainawa ita ta fi jure wa ƙasarmu, don yankan da aka manna a gicciye suna riƙe juna, ba sa tsagewa da sauƙi. Yamaha, wanda ya fara fitar da jerin FG tun 1966, ya yi suna a nan: F310 duk jikinta mai hawa-hawa ne, tana shan wahala ba ta kuka, FG800 kuma tana da fuska tsantsa da baya mai hawa-hawa, wato an raba gardama. Ko ita FG800 sai an yi mata dabarar soso da hunturu. Mai tsada tsantsa ta dace ne da wanda hannunsa ya riga ya nuna, yana da ɗakin ajiya, yana ɗaukar waƙa a situdiyo inda bambancin murya zai fito, kuma ya yarda zai kula da ita. Wanda kuma yake tunanin zai saya ya ajiye don ta yi tsada ya sayar, ya fara tambayar kansa wa zai saye ta a nan. Kasuwarta tana Turai da Amurka, can kuma ba sa biyan kuɗin kirki a kan wadda hunturu ya tsaga.

Abu na ƙarshe shi ne lissafi. Kuɗin gita ba shi ne duka kuɗin ba. A sa na akwati mai tauri, na jirgi ko mota, da abin da duwan za su nema a iyaka. In za ta hau jirgi a ɗan sassauta tsirkiya, a cusa tsumma a kewayen kai don kada ya yi motsi cikin akwati. Idan ta iso, kada a buɗe ta nan take a tsakar gida don maƙwabta su gani. A bar ta a rufe cikin ɗaki ta kwana, ta saba da iskar wurin. Mai aikowa kuma ya haɗo da tsirkiya ƙunshi biyar ko shida, marasa kauri sosai don su rage wa wuya nauyi, saboda gumi da ƙura suna cinye su da wuri, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, wani lokaci sai an aika Damagaram ko Sabon Garin Kano.